Babi na Shida: Bakin Teku a Shekarar Korona

Ranar Alhamis 19 ga watan Maris na 2020 ministan lafiya na Nijar, Dokta Idi Illiassou Maïnassara, ya sanar da cewa an samu mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a ƙasar. Kowa ya zaci za a ce Bature ne, ko wani babban ma'aikaci da ya sauko daga jirgin Faransa. Sai ga shi ɗan ƙasa ne mai shekara 36, ma'aikacin wani kamfanin motocin safara. Sanarwar ta jero garuruwan da ya biyo kafin ya iso Yamai: Lome, Akra, Abijan, Wagadugu. Uku daga cikin huɗun nan a bakin teku suke.

Wanda ya ji labarin a rediyo a Guci bai nemi taswira ba. Tsakaninsa da teku akwai kusan kilomita 1,000 in an miƙe zare. In kuwa kwalta za a bi ta Damagaram, Maraɗi, Ƙonni, Doso da Gaya, a haye gada zuwa Malanbil a gangara Kwatano, tafiyar ta haura kilomita 1,600. Duk da haka sunayen garuruwan nan a bakin yara suke. Guci ƙasa ce ta jigawa da kwari, a gundumar Dungas wadda aka yanke daga Magarya a 2011. Da damina a noma gero da wake da gyaɗa a tudu, da rani mai rabo a kwarin Korama ya yi rake da rogo da kayan lambu. Amma kwari ba ya isar kowa. Da an gama ɗaurin gero sai samari su rataya jaka su tafi ci-rani, ko bida kamar yadda aka fi faɗa a nan. Mafi yawansu Najeriya suke faɗawa, tun da Maigatari da Ɓaɓura ga su nan a bakin ƙofa. Daga can Kano, daga Kano Legas. Wasu su zarce Kwatano da Lome, masu dogon numfashi su kai Akra da Abijan. Duk ƙasar nan ta kudu suna ɗaya gare ta a bakin tsofaffi, kurmi.

Hoton da otal-otal ke bugawa na bakin teku mutum iri ɗaya yake nunawa: wanda ya zo hutu, ya kishingiɗa a ƙarƙashin kwakwa, ga abin sha a gefensa. Wanda ya taɓa zuwa ya san akwai wani mutum na biyu da mai ɗaukar hoto ke jira ya wuce kafin ya danna. Shi ne mai faranti a ka ko allo a hannu, tabarau jere a kai, da agogo, da cajar waya, da hula, da carbi. Shi ne mai dabino da aya a kura, mai tsire a bakin titi, mai shayi, mai yankan farce da ɗan almakashinsa yana kaɗawa, mai gadin ƙofar otal da dare. A bakin tekun Legas har da masu jan doki, a hau a zaga a ɗauki hoto a biya. Da yawa cikin waɗannan, in ka yi musu sallama da Hausa, za su amsa, in ka tambayi gida kuma ka ji an ce Damagaram, ko Tawa, ko Katsina. A Lome rairayin ya bi babban titin birnin tun daga kan iyakar Gana har zuwa tashar jiragen ruwa, ranar Lahadi da yamma kuwa sai ka ce rabin garin ne ya fito. A Basam, kimanin kilomita 40 gabas da Abijan, Asabar da Lahadi ne kasuwa. Ɗan ci-rani yana iya shekara biyar yana taka rairayin nan bai taɓa sa ƙafa a ruwa ba, kuma yana da gaskiya, don tekun wannan gaɓa mai ja ne, duk shekara sai ya ci mutane. Shi abin da ya kawo shi taron jama'a ne. Inda duk aka taru da kuɗi a aljihu da sakin rai, nan ne gonarsa ta rani.

To wannan taron shi aka fara kashewa. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 17 Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi jawabi, ya ce daga tsakar daren 19 ga wata za a rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram da dukkan iyakokin ƙasa. Cikin kwanaki kaɗan Togo ta rufe nata iyakokin, ta kuma haramta wa kowa zuwa bakin teku tun daga wannan ƙarshe har wancan. Gana ta rufe sama da ƙasa da ruwa daga 22 ga Maris, ta rufe wuraren shaƙatawa na bakin teku, ta kulle Akra da Kumasi daga ranar 30 har mako uku. A ranar nan ta 30 aka kulle Legas. A ƙarshen watan aka yanke Abijan da kewayenta, har da Basam, daga sauran ƙasar Kodebuwa. Shugaba Patrice Talon na Benin kuwa ya fito fili ya ce ƙasarsa ba ta da halin kulle mutanen da sai sun fita suke samun na tuwo, ya wadatu da zagaye Kwatano da garuruwan kusa da ita da shingen lafiya. Litinin ɗin Ista, 13 ga Afrilu, ranar da a al'ada babu masaka tsinke a bakin tekun Labadi na Akra, sai ƴan sanda da igiyar ruwa.

Lokacin da abin ya faɗo shi ya ƙara masa ciwo. Ƙarshen Maris tsakiyar bazara ce. Ɗan ci-rani ya riga ya biya kuɗin motar da ya ranto ya zo, ya fara tara na komawa. Makonnin da ke gabansa su ne masu tsoka: Ista, sai azumi da aka kama wajen 24 ga Afrilu, lokacin da dabino ke tafiya, sai ƙaramar salla a ƙarshen Mayu. Da kuɗin nan zai sayi iri, ya sayi buhun hatsin da gida za su ci yayin da rumbu ya yi ƙasa, ya yi wa yara ɗinkin salla, ya isa gida kafin ruwan shuka na Yuni. Manomin da ya makara da shuka mako uku a ƙasar Dungas ya san abin da ya yi wa kansa. Sai ga shi ba ciniki, ba hanya. Abin da ya rage shi ne cin jari, yau a sayar da tabarau a kan kuɗin saro, gobe a sayar da wayar da ake kiran gida da ita.

Gwamnatocin kurmi sun yi ƙoƙarin tallafi, ba za a hana su wannan ba. Gana ta ɗauke wa jama'a kuɗin ruwan famfo na wata uku. Togo ta fito da wani shiri mai suna Novissi a watan Afrilu, wanda ya sha yabo a duniya, ana tura wa masu ƙananan sana'o'i kuɗi ta waya, mace jika 12 da ɗoriya na sefa a wata, namiji jika 10 da rabi. Sai dai da katin zaɓe ake shiga. Mai tallar tabarau daga Guci, ko ya shekara goma a zangon Lome, ba ya da katin zaɓen Togo. Wanda ya riƙe shi zango ne: mai masauki da ya yi haƙuri da kuɗin ɗaki, ɗan gari ɗaya da ke gadi yana da albashi, attajirin unguwa da ya fitar da zakka da wuri, tukunyar buɗa-baki ta haɗin gwiwa. Tsarin nan ya girmi kowace gwamnati a yankin, tun zamanin fataken Gwanja masu safarar goro yake, kuma shi ne ya ɗauki nauyin da takardun hukuma ba su gani ba.

Shin rufe bakin tekun ya hana wani abu? A watan Maris na 2020 ba wanda zai zargi shugaban da ya ga hotunan asibitocin Italiya ya firgita. A lokacin an fi tsoron hannu da ƙarfen ƙofa da takardar kuɗi. Daga baya ne ya tabbata cewa cutar a iska take tafiya, cikin numfashin mai ɗauke da ita, kuma inda take samun yadda take so shi ne ɗaki rufaffe, mai cunkoso, wanda aka daɗe a cikinsa. A fili, inda iska ke kaɗawa, haɗarin ya ragu ƙwarai. A Ingila an yi ta kururuwa ranar 25 ga Yuni 2020 da jama'a suka cika bakin tekun Bournemouth har hukumar garin ta ayyana halin gaggawa, jaridu suka ce za a ga gawawwaki. A watan Fabrairu na 2021 Farfesa Mark Woolhouse na Jami'ar Edinburgh ya shaida wa ƴan majalisar ƙasar cewa a iya saninsa ba a taɓa danganta ɓarkewar cutar da wani bakin teku ba. Haɗarin tafiya hutu yana cikin motar da ta kai ka, da ɗakin cin abincin otal, da gidan rawa da dare. Rairayin kansa shi ne wuri mafi aminci a duk tafiyar. Saboda haka abin da dokar ta yi wa ɗan ci-rani shi ne ta ɗauke shi daga inda iskar teku ke busawa yini guda, ta mayar da shi ɗakin zango mai taga ɗaya, inda samari ke kwana jere har bakin ƙofa, ta ce ya zauna a nan don lafiyarsa.

Amma tsoron da hukumomin gaɓa ke yi wa teku yana da tarihi. Basam ɗin nan da ake zuwa shan iska ita ce hedikwatar farko ta mulkin Faransa a Kodebuwa tun 1893. A 1899 shawara, wato zazzaɓin nan mai sa ido rawaya, ta faɗa wa garin ta kashe Turawan da ke ciki da yawa, a 1900 aka kwashe hedikwata aka mayar Bingerville. Manyan gidajen da aka bari suna rugujewa su ne UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012, su ne kuma baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu. Wato garin hutun ma annoba ce ta haife shi. Murar 1918, wadda tsofaffin Kano suka riƙa kira marisuwa, ta jirgin ruwa ta shigo, ta sauka Firitawun a watan Agusta, ta isa Legas a Satumba, ta hau jirgin ƙasa ta yi arewa. A Dakar kuwa, da annoba ta ɓarke a 1914, maganin da Faransawa suka ga ya dace shi ne su kwashe baƙar fata daga tsakiyar gari su kafa musu unguwar Madina a gefe. Daga nan aka gaji wata ɗabi'a da ba ta mutu ba har yau: in cuta ta zo, kafin a tambayi yadda take yaɗuwa, sai a fara tambayar wa za a tsare, wa za a bari ya wuce.

An ga wannan ƙarara da aka zo buɗewa. Lissafin hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna masu ƙetare iyaka don ziyara sun kai kusan biliyan 1.5 a 2019, a 2020 kuwa aka rasa sama da kashi 70 cikin 100 nasu. Ƙasashen da ke ci daga baƙi ba su iya jira ba. Zanzibar ta fara karɓar baƙi tun watan Yuni, Dubai ranar 7 ga Yuli, tsibiran Maldib ranar 15. A yankinmu Nijar da Togo suka buɗe filayen jirginsu ranar 1 ga Agusta, Gana ranar 1 ga Satumba, Najeriya ranar 5. Sharaɗin shi ne takardar gwaji. A Lome jika 40 ne. A filin jirgin Kotoka na Akra dalar Amurka 150 ake biya a sauka, kafin a rage wa ƴan ƙasashen ECOWAS zuwa 50 a farkon 2021. Ga mai tikitin jirgi wannan ƙarin kuɗin cefane ne. Ga mai allon tabarau, jika 40 na iya zama jarin gaba ɗaya.

Wanda ya samu hali ya je hutu a watannin nan ya ga abin da ba a taɓa gani ba, kuma da wuya a sake gani. Otal ɗin da a da sai an kama ɗaki tun wata biyu ya karya farashi yana roƙo. A bakin ƙofa a saita maka na'urar auna zafi a goshi, a matsa maka ruwan wanke hannu. An ɗauke teburin da kowa ke ɗiba da kansa, ma'aikaci ne zai zuba maka, fuskarsa a rufe da takunkumi, idanunsa kaɗai ke yi maka maraba. Kujerun bakin ruwa an ja su nesa da juna, mafi yawansu babu kowa. Baƙo ɗaya, masu hidima biyar. Sai dai hutun yana da ƙaya a ƙarshensa, domin kafin a koma sai an sake gwaji, kuma in sakamako ya fito da cuta, to an killace ka ke nan har mako biyu a ɗakin da ba ka yi kasafinsa ba, kana jin ƙarar teku ta taga. Masu kuɗin Kano da Abuja da Yamai, waɗanda a da Umra ce hutunsu, sun tarar Saudiyya ta rufe. Hajjin 2020 ƴan tsiraru mazauna ƙasar kaɗai suka yi, Umra ba a buɗe wa na waje ba sai Nuwamba. Dubai ta kwashi rabonta a cikinsu.

Zanzibar ta fi ko'ina sauƙin shiga, don Shugaba John Magufuli ya ce addu'a ta kori korona daga Tanzaniya, gwamnatinsa ta daina fitar da alƙaluma tun kafin tsakiyar 2020. Jirage suka riƙa sauke Rashawa da mutanen gabashin Turai, babu takunkumi, babu killacewa. Wanda ya je ya dawo yana cewa ai can babu cuta. Ranar 17 ga Fabrairu 2021 Maalim Seif Sharif Hamad, mataimakin shugaban Zanzibar na farko, ya rasu bayan jam'iyyarsa ta sanar cewa ya kamu. Wata guda cif bayan haka Magufuli ya bi shi, gwamnati ta ce ciwon zuciya ne. Baƙon da ya zo mako guda ya tafi bai ga komai ba, don ba a kai baƙo maƙabarta.

Duk wannan a sama ake yi. A ƙasa ƙofa na nan a garƙame. Najeriya, wadda dama ta rufe iyakokinta tun Agusta 2019 saboda shinkafa, ta buɗe huɗu ranar 16 ga Disamba 2020, ciki har da Maigatari da Illela da Seme. Nijar ba ta buɗe nata ba sai 17 ga Yuni 2021. Gana sai 28 ga Maris 2022, kusan wata 19 bayan ta buɗe filin jirginta. Togo sai Mayu 2022. Kodebuwa, inda ƴan Nijar ke da yawa a sana'o'in titi, sai 15 ga Fabrairu 2023, saura kaɗan a cika shekara uku. A mafi yawan lokacin nan Bafaranshe na iya tashi daga Faris ya kwana a otal a Basam, amma ɗan Nijar da ke da haƙƙin zirga-zirga a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ba ya iya shiga da mota ta ƙofar hukuma. Motocin kaya an bar su suna wucewa. Albasar Galmi tana da izinin zuwa Abijan, mai ita ba ya da shi. Da shugabannin ƙasashe masu amfani da sefa suka zauna a 2021 suka daidaita kuɗin gwaji, jika 25 ga na jirgi, jika 5 ga na mota, sai ya zama an sa wa matafiyin mota farashi a kan ƙofar da ba a buɗe masa ba tukuna.

Ni a ganina babu wata hujjar lafiya da za ta ɗauki wannan bambanci. Za a ce a filin jirgi ana iya gwada kowa, a Aflawo ta Gana ko Malanbil kuwa taron ya fi ƙarfin ma'aikata. Gaskiya ne, in da rufewar ta hana tafiya. Ba ta hana ba. A fim ɗin Jaguar da Jean Rouch ya ɗauka a shekarun 1950, samari uku daga yammacin Nijar, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel, sun gangaro kurmi neman kuɗi, da suka iso kan iyakar Togo da Gana ba su da takardu, sai kawai suka zagaya ta bayan ofishin masu tsaron iyaka suka yi gaba. Jikokinsu abin da suka yi ke nan a 2020. Iyakar Lome da Aflawo cikin gari take, gida na kallon gida, ta kuma ƙare a cikin rairayin teku. A Gaya kogi ne, ga kwale-kwale. A tsakanin akwai ƴan kabu-kabu da suka san kowace ɓarauniyar hanya, akwai kuma mai kaki da ya san sun sani, yana jiran nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa tun gininsa a tsage yake. Abin da ya sauya shi ne kuɗin tafiya ya ninka, kwanakin hanya suka ƙaru, kuma ba wanda ya auna zafin jikin kowa. In da an bar ƙofa a buɗe da ma'aikacin lafiya ɗaya da bokitin wanke hannu, da an fi sanin wanda ya shigo.

A ɓangaren Guci ma zancen rufe iyaka kusan abin dariya ne. Tsakanin ƙasar Dungas da Jigawa gonaki ne da hanyoyin amalanke, da dangi a kowane gefe, mutum ya yi sallar asuba a Nijar ya ci kasuwar Alhamis a Maigatari. Ta nan waɗanda suka tsere daga kullen Legas suka dawo, wasu a saman buhuna a bayan manyan motoci. Ta nan almajirai suka biyo sa'ad da gwamnonin arewacin Najeriya suka shiga mayar da su garuruwansu a watannin Afrilu da Mayu. A daidai lokacin Kano na binne dattawanta; ministan lafiya na Najeriya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƴan makonnin nan, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye korona ce. A jihar Damagaram kuwa abin da ya tayar da hankalin jama'a tun farko hana sallar jam'i ne, har aka yi tarzoma a Mirya, kuma ba a buɗe masallatai ba sai 13 ga Mayu. Wanda ya dawo daga kurmi a makonnin nan ya tarar ana yi masa kallo biyu: ga murnar ya dawo da rai, ga tambayar me ya kwaso, ga kuma jakar da ba ta da nauyin da aka saba.

Akwai wasu ƴan Afirka ta Yamma da suka kwana a otal na bakin teku a shekarar nan ba tare da sun biya ko tamma ba, kuma labarinsu ba na dariya ba ne. Da otal-otal na Sali da Mbur a Senegal suka rufe, kasuwar kifi ta faɗi, sai samari suka koma wa tsohuwar hanyar tsibiran Kanari ta ƙasar Sifen, tafiyar kwana da kwanaki a kwale-kwalen kamun kifi. A 2019 waɗanda suka isa ba su kai 3,000 ba. A 2020 sun kai kimanin 23,000, akasari daga Maroko da Senegal da Mali. A watan Oktoba wani jirgi da ya tashi daga Mbur ya kama wuta ya kife, hukumar ƙaura ta duniya ta ce aƙalla mutum 140 sun halaka. Waɗanda suka isa Kanari da rai aka jibge su a kan dakalin tashar Arguineguín, a wani lokaci fiye da 2,000 suna kwana a kan siminti. Da abin ya zama abin kunya, gwamnatin Sifen ta kama hayar otal-otal ɗin da Jamusawa da Ingilishi suka bari fanko ta zuba su a ciki. Yaron da aka sallama daga aikin share bakin ruwa a Sali ya samu kansa a baranda yana kallon irin kujerun da yake jerawa, ba shi da izinin aiki, ba shi da izinin wucewa gaba.

A ƙauyukanmu an yi ta cewa korona cutar masu hawa jirgi ce, ba ta kama talaka. Maganar ba daidai ba ce, dattawan Kano da na Damagaram da aka rasa sun isa shaida, kuma gwajin da aka yi a Nijar kaɗan ne ƙwarai, don haka alƙaluman hukuma, mutum ƙasa da 10,000 da suka kamu da 300 da ɗoriya da suka rasu, ba su ne duka labarin ba. Amma mai faɗin maganar yana auna ta ne da abin da ya sani. Ƙasar da rabin mutanenta ba su wuce shekara 15 ba, cutar da ta fi kayar da tsofaffi ba za ta yi mata irin ɓarnar Italiya ba. Annobar da uwa a Guci ke tsoro ita ce wadda ke zuwa da hunturu da ƙura ta sanƙarar da wuyan yaro. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, kuma fiye da rabin waɗanda suka kamu a gundumar Dungas suke. Ba a rufe filin jirgin ko'ina ba saboda su, ba kuma wanda ya fasa hutunsa.

Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa ga duniya. Bakin tekun Lome ya riga ya cika tun kafin nan, masu allon tabarau sun koma, wasu da sabon jari na rance, wasu ƙannen waɗanda suka karye ne. Hanya ta zauna a buɗe ko'ina wata biyar da ƴan kwanaki, in aka ƙirga daga ranar da Kodebuwa ta buɗe tata. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Shugaba Mohamed Bazoum, ranar 30 ECOWAS ta rufe iyakokinta da Nijar, aka gindaya kwantena a kan gadar Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairu 2024, Benin ta buɗe gefenta, Yamai ta bar nata a rufe. Ɗan Guci mai zuwa Kwatano ya koma sauka daga mota a Gaya, ya biya mai kwale-kwale shi da kayansa, ya nemi wata motar a wancan ƙetaren. Manyan motocin kaya kuwa suka karkata zuwa tashar Lome ta cikin Burkina Faso, a ayari, da rakiyar sojoji.